Zauren Gwaggo: Amai da gudawa ya shiga unguwar mai rainon yarana

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ma'aikaciya ce a nan Maradi, muna zaune a Ali Ɗan Tsoho. Yarana biyu, babban shekararsa uku, ƙaramar watanta takwas. Shekara biyu ke nan wata baiwar Allah take yi mini raino. Inna muke ce mata, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya huɗu. Takan zo ƙarfe bakwai, ta tashi idan na dawo bayan la'asar. Jika 20, wato sefa 20,000, nake ba ta a wata, da jika 5 na kabu-kabu. Makon jiya ta faɗa mini da bakinta cewa an kwashi mutum biyu daga gidan da ke kallon nasu an kai likita, amai da gudawa. Tun ranar barci ya ƙaurace wa idona. Maigida ya ce ta zauna gida sai abin ya lafa, kuma tunda ba aiki ba biya. Uwar mijina ta ce a dawo da ita gidanmu da kwana kawai. Ni kuma ba ni da inda zan bar yaran. Don Allah Gwaggo, ina mafita?

Maman biyu, Ali Ɗan Tsoho

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raya su, ya tsare mu da wannan cuta ta kwalara.

A wasiƙarki akwai wurin da na tsaya na sake karantawa: ita ce ta faɗa miki da bakinta. Ba wanda ya tsare ta, ba a unguwarku abin ya faru ba, da ta yi shiru da har yau ba ki sani ba. Yanzu idan ladan wannan gaskiyar shi ne ta rasa jika 20 a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya fi tsada, to kin koya mata darasi, kuma za ta riƙe shi. Ranar da cikin ɗanta ya ɓaci, ko nata, za ta sha magani ta ɗaura zane ta zo ta dama wa jaririyarki koko, ba za ki ji komai ba. Mai ɗiya huɗu ba ta wasa da kuɗin wata. Ki kai wa maigida wannan maganar a haka. Idan an yi masa zancen tausayi zai iya cewa shi ma nema yake, amma wannan zancen lafiyar ɗiyansa ne.

Tsoron da kike ji ba laifi ba ne, mu a Maradi mun san wannan cuta. A 2018 daga Madarunfa ta taso cikin watan Yuli, kafin ta lafa ta kama sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a jiharmu. A 2021 ta dawo. Tana iya zuƙe ruwan jikin babban mutum cikin sa'o'i kaɗan, balle na goye. Sai dai a san ta inda take shiga. Kwalara ba kamar korona ko ƙyanda ba ce, ba a shaƙarta a iska, ba a ɗaukarta don an zauna tabarma ɗaya. Ta baki take shiga, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa, ko hannun da ba a wanke ba. Daga shigarta zuwa bayyanarta, rabin yini ne zuwa kwana biyar. Kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauka ba sa ma jin komai, suna yawonsu suna fitar da ita.

Wannan na ƙarshen shi ya sa nake ce miki korar Inna ba ta rufe ƙofa. Ruwan da kuke sha, idan pampo ya ɗauke, daga ina mai garuwa yake ɗebo shi? Maigidan da ya yanke hukunci, ina yake cin abincin rana? Salak da tumatirin da ake sayowa daga lambunan bakin gulbi, da me ake wanke su? Ban faɗa don in tsokani kowa ba, amma na lura idan annoba ta zo, idon masu gida a kan ƴar aiki yake fara sauka, alhali ita ma tana iya ɗauka a gidanku ta kai wa marayunta.

Ni dai a ganina, muddin ita da mutanen gidanta lafiya lau suke, ta ci gaba da zuwa. Abin da zai sauya shi ne yadda take shigowa. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, ta wanke hannu da ruwa mai zuba, ban da kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu. Ki ware mata zane da riga da hijabi na aiki waɗanda a gidanki za su zauna, a gidanki za a wanke su. Kada ta zo wa yara da ƙosai ko fura ko ɗan wake daga hanya, ko da kuwa ta saba, kuma ki faɗa mata da lallashi don abin ƙauna ne take yi. Ruwan sha a tafasa, ko a saka Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, daidai yadda aka rubuta a takardar, a jira rabin awa. Randa a rufe, moɗa ɗaya mai mariƙi. Fo ɗin yara da makewayi a wanke da ruwan jabel. Jaririyar kuma ki ci gaba da ba ta nono, kafin fita da bayan dawowa.

Sannan ga abin da mutane ke mantawa: ki sayi sabulu da Aquatabs da gishirin likita na masu gudawa kashi biyu, ɗaya naki ɗaya na gidan Inna. Ba zai kai jika biyu ko uku ba, kada kuma ki cire shi a albashi. Ruwan da ɗiyanta ke sha, ta wata fuskar shi ne ruwan da naki ke sha. Ki tabbata ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari ko da ba ƙunshin likita: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Ana ba mara lafiya ana tafiya likita, ba a jira gari ya waye.

Yanzu kuɗi. Ƙa'idata ɗaya ce, kuma da ita na zauna da duk waɗanda suka yi mini aiki: wanda ya rufe ƙofa shi ke biya. Idan ku kuka ce ta zauna gida don hankalinku ya kwanta, albashinta cikakke ne, don ita a shirye take ta zo. Kuɗin kabu-kabu kaɗai za ki iya riƙewa tunda ba hawa za ta yi ba. Idan wani a gidanta ya kamu, ta zauna, a ƙirga kwana biyar daga ranar da aka kai shi likita, in ba ta ga komai a jikinta ba ta dawo. Idan ita ce ta kwanta, Allah ya kiyaye, to ko ta miƙe kada ta taɓa abincin yara sai an yi kamar kwana goma, saboda ƙwayar cutar takan ci gaba da fita bayan an ji sauƙi. Ki bi abin da ma'aikatan lafiya suka ce mata. Duk waɗannan kwanaki da biya. Ki faɗa mata haka yau, tun kafin a kai ga buƙata, a gaban maigida, don ta san ba maganar mata ba ce da za a warware gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san aljihu ba ɗaya ba ne. Idan abin ya ja ya wuce wata guda, kuma dole sai kin biya wata ta riƙe miki yaran, ku zauna ku uku a faɗi gaskiya: ga abin da za mu iya, rabi ne ko kashi biyu cikin uku, zuwa ranar kaza za mu sake zama, kuma aikinki yana nan. A saka rana. Kalmar "sai abin ya lafa" ita ce ke kashe mai ƙaramin ƙarfi, don ba ta san ko ta nemi wani gidan ko ta jira ba. Kuma tunda mun zo nan bari in taɓa inda ke ciwo. Mafi ƙarancin albashi a dokar Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun farkon 2024. Na san gidaje kaɗan ne a garin nan ke ba mai raino haka, ni ma ban isa in yi wa kowa gori ba. Amma wadda take karɓar abin da bai kai rabin wannan ba, ba a kanta ya kamata a fara tsimi ba.

Shawarar surukarki ba ta da laifi idan Inna ce ta so. Wa zai kwana da ɗiyanta huɗu? Ki tambaye ta, kada ki yanke mata. In ta amince, kwana aiki ne na daban: a ƙara mata kuɗi, a ba ta wurin kwana na mutunci, a sa ranar da za ta je ta ga gida, kuma kada raino ya rikiɗe ya zama wanki da girki da shara har sha biyun dare don kawai tana kusa.

TAMBAYA

Gwaggo ina wuni. Ƙanena ne ya rubuta mini. Raino nake yi a wani gida a unguwar Zariya. Da ƙyanda ta kama ɗana, uwar ɗakina ta ce in zauna gida, na yi mako uku. Da na koma ta ba ni kuɗin kwana tara kawai. Ina jin nauyin yi mata magana, don tana yi mini alheri da salla.

Mai raino, Bagalam

AMSA

Lafiya lau ɗiyata, ya mai jiki? Zaman da kika yi daidai ne, ƙyanda a iska take tafiya, kuma tana da haɗari ga jaririn da bai kai wata tara an yi masa allura ba. Ke kika kare mata ɗiya. Atamfar salla kyauta ce, albashi haƙƙi ne, ɗaya ba ya biyan ɗaya. Ki sami lokacin da ba baƙi, ba maigida, ki gaishe ta ki ce: "Hajiya, kwanakin nan da kika ce in zauna, na ga ba su cikin kuɗin, ko mantuwa aka yi?" Kin ba ta hanyar gyarawa ba tare da ta ji kunya ba. Idan ta ce ba za ta iya duka ba, ki nemi rabi, kuma ku tsayar da yadda za a yi nan gaba. In bakinki ya yi nauyi, ki tafi da wadda ta kai ki gidan tun farko, ita ta buɗe maganar.