Alhaji yana kirana bayan isha'i, in kashe wayar?

Tambaya: Ni ke riƙe da lissafi a wani shagon siminti da ƙarfen gini kusa da Kasuwar Dole. Ƙarfe 6 na yamma muke rufewa, amma sha ɗayan dare sai ga saƙon murya daga mai gidana, Alhaji, a WhatsApp: "Mota ta taso daga Kano, duba min kuɗin direba." Ran Lahadi ma ban tsira ba. In ban amsa ba, da safe a ce na fara girman kai. Na ji an ce a Faransa doka ta hana wannan. Mu fa a nan?
Daga wani mai karatu, Zango, Damagaram

Amsa: Ƙanena, dokar Faransa da ka ji ta fara aiki ne ran 1 ga Janairu 2017, kuma ba ta hana kira kai tsaye ba. Cewa ta yi kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya zauna da wakilansu a tsara lokacin da waya za ta huta. Fotugal ce ta tsananta a 2021, har da tara ga mai gidan da ya dami ma'aikaci bayan tashi ba da wata larura ba. Duka biyun ba su hau kan Alhajinka ba.

Abin da ke hannunka shi ne dokar aiki ta Nijar ta 2012: awa 40 a mako, hutun awa 24 a jere kowane mako, sannan aikin da ya wuce ƙa'ida a biya shi da ƙari. Buɗe littafin lissafi sha ɗayan dare aiki ne, ko da a kan tabarma kake yinsa, yara na barci.

Amma kada ka kashe waya cikin fushi. A garin nan mai gida ba mai biyan albashi kaɗai ba ne. Wataƙila shi ya yanka ragon sunan ɗanka. Kuma na san irin waɗannan attajirai: da yawa ba mugunta ba ce, abu ne ya faɗo musu a rai, suka sauke shi a kanka don kada su manta. Ka same shi shi kaɗai, ba gaban yaran shago ba, ka ce: "Alhaji, in mota ta lalace a hanyar Matamai, ko kwastan sun tsare kaya, a kira ni ko ƙarfe nawa ne. Sauran kuwa a bar min saƙo, ƙarfe 8 na safe an gama." Sa'an nan ka cika alkawarin ƙarfe 8 ɗin, don nan ne za a gwada ka.

Kada ka goge saƙonnin, suna ɗauke da rana da lokaci. In aka taɓa albashinka ko aka yi maka barazanar kora saboda ba ka amsa da dare ba, ka ɗauke su tare da takardar ɗaukarka aiki, in kana da ita, ka kai wa sufeton aiki na Damagaram. Shi ke fara kiran ɓangarorin biyu sulhu kafin magana ta kai kotun aiki.