Sun Ba Ni Gurbi a Armidale: In Karɓa ko In Jira Sidni?

Tambaya: Jami'ar New England da ke garin Armidale a Ostireliya ta ba ni gurbin karatun digiri na biyu a fannin kiwon dabbobi, amma 'yan'uwa suna cewa ƙauye ne, gara in jira Sidni. Me kuke ba ni shawara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, mu dai shawararmu ita ce ka karɓa. Jami'ar ta samu cin gashin kanta tun 1954, kuma ta yi suna a binciken noma da kiwo, domin gonakin tumaki da shanu ne suka kewaye garin, ga shi kuɗin haya bai kai na Sidni ba. Gwamnatin ƙasar kan ba wanda ya kammala karatu a irin wannan gari, ya kuma ci gaba da zama a yankin, ƙarin shekara 2 a kan bizar aiki ta bayan karatu, sai dai ka tabbatar da ƙa'idar kafin ka biya ko sisi, saboda takan sauya.

Abin da ya fi damunmu shi ne guzuri. Tun Yulin 2023 yawancin ɗaliban ƙasashen waje ba sa wuce awa 48 na aiki a mako 2 lokacin karatu, kuma a ƙaramin gari aikin ba ya samuwa nan take, don haka kada ka dogara da shi wajen biyan kuɗin makaranta. Garin yana kan tudu, sanyinsa daga Yuni zuwa Agusta ya fi hunturun Zariya nesa ba kusa ba, har raɓa kan daskare a kan ciyawa da asuba, saboda haka ka tambayi mai gida ko akwai na'urar ɗumama ɗaki kafin ka sa hannu.