Daga kwalejin al'umma zuwa makarantar kasuwanci: wace zan zaɓa?

Tambaya: Malam, ina shekara ta biyu a wata kwalejin al'umma a jihar Kalifoniya, na tara kiredit 48, kuma makina 3.6 ne cikin 4. Kawuna ya dage sai na nemi jami'ar Berkeley, ga kuma wata makaranta mai zaman kanta da ke ta kirana a waya, tana cewa za ta karɓi duk kiredit ɗina. Tsorona shi ne in yi asarar shekara biyu da kuɗin iyayena.

Amsa: 'Yata, tsoronki yana kan hanya. A rahoton da ofishin binciken kuɗin gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar a 2017, an ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu, waɗanda kuwa suka bar makarantun neman riba zuwa na gwamnati asararsu ta kai kashi 94. Wannan kaɗai ya isa ki yi hattara da mai kiran nan, musamman idan makarantarsu ta neman riba ce. Ki tambaye shi ko sashensu na kasuwanci yana da shaidar AACSB, ƙungiyar da ke tantance ingancin makarantun kasuwanci, sannan ki nemi ya rubuto miki kwas-kwas abin da za su ƙirga miki. Idan ya fara kame-kame, ki ajiye wayar. Waɗanda suka shiga Corinthian da ITT Tech, makarantun neman riba da aka rufe a 2015 da 2016, su ma da irin wannan daɗin bakin aka ja su.

Amma abin da ya fi damuna, wanda kullum nake fama da ɗalibai a kansa, shi ne zaton cewa da zarar an cika kiredit 60 da ake nema don komawa jami'a magana ta ƙare. Sam ba haka ba ne. Karɓar kiredit daban, ƙirga shi cikin sharuɗɗan digirin kasuwanci daban. Jami'a tana iya karɓar kwas ɗinki ta jefa shi cikin kwasa-kwasan zaɓi, ya zauna a takarda ba tare da ya rage miki ko zango ɗaya ba. Sai ka ga yaro ya zo da takardarsa cike da maki masu kyau, amma babu kalkulas, babu ƙididdiga, tattalin arziki kuma rabi ya yi, saboda wani a zauren WhatsApp ya ce masa ya kwashi kwasa-kwasai masu sauƙi don makinsa ya hau. Makin ya hau, makarantar kasuwanci kuma ta ƙi duba takardar. Wallahi irin waɗannan mashawarta sun ɓata wa yara lokaci fiye da kowane ofishi, alhali shafin ASSIST yana nan kyauta, yana nuna wane kwas na kwalejinki ya yi daidai da wane a kowace jami'ar gwamnatin jihar. Ki buɗe shi yau, kafin ki yi rajistar zango mai zuwa.

Batun kawunki kuwa, ki nemi Haas, makarantar kasuwanci ta Berkeley, ba laifi, amma gasar tana da zafi ƙwarai, kuma Berkeley ba ta cikin shirin TAG mai ba da tabbacin gurbi. Harabobi shida ne kawai na Jami'ar Kalifoniya (UC) a cikinsa, har da Riverside da Davis, kuma a watan Satumba ake cike shi. UCLA ma, harabar UC ta Los Angeles da mutane ke ambata, ba ta ba da digirin farko na kasuwanci zalla. Idan kika kammala digirin ADT na kasuwanci a kwalejinki, wato digirin shekara biyu na masu komawa jami'a, kina da tabbacin gurbi a tsarin Jami'ar Jihar Kalifoniya (CSU), wanda ya bambanta da UC, ko da yake ba lallai a harabar da kika fi so ba. Takardar neman UC kuma ta shiga kafin ƙarshen Nuwamba.