Tanti, hannuna ya ƙi kilabiye, wai ordinater na jin magana?

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni aikina sezi ne, wato buga rubutu da kilabiyen ordinater, a gida nike yi nan Tawa, ɗaliban jami'a su kawo memuwar da rahoton sitaj in buga musu, da shi nike rufa ma kaina asiri. To yanzu wuyan hannuna na dama ya tasa ni gaba, yatsu su mutu kamar kiyashi na yawo ciki, dare in farka ina yarfe hannu, har kofin shayi ya taɓa suɓuce min. Wani ɗalibi ya ce min akwai yadda mutum zai yi magana ordinater ta rubuta da kanta. Gaskiya ne? Kuma tana jin Hausa? Ɗiyarki daga Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗalibin nan bai yi miki ƙarya ba, amma mu fara da hannun tukuna. Akwai wata jijiyar ji da ke bi ta wani matsattsen rami a wuyan hannu, in wurin ya kumbura saboda maimaita motsi guda sai ta matsu, shi ne babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe ke mutuwa, ƙaramin yatsa kuwa yawanci lafiya lau. Duba naki ki gani. Farkawar dare da faɗuwar kofi sun yi kama da wannan sosai, sai dai ni ba zan yanke miki ba daga nan Yamai, ki je asibiti likita ya taɓa hannun, a gwada suga ma don ciwon suga da juna biyu duk suna jawo shi. Sau da yawa da atel ake farawa, wannan abin ɗaure wuyan hannu na farmasi da ake kwana da shi, da zuwa wurin kine, mai gasa jiki da motsa gaɓɓai. In aka bar shi ya daɗe naman gindin babban yatsa na iya zubewa, kada ki tsaya shafa man zafi kawai.

To ordinater. In Windows ce gare ki danna maɓallin Windows tare da H, wani ɗan akwati zai fito, ki yi magana da Faransanci ta rubuta miki cikin Word ɗin. Google Docs ma na da irinsa a Chrome. Dukansu kyauta ne amma sai da intanet, ranar da reso ya yi halinsa kin zauna. Wanda na fi so miki shi ne Voice Access na Windows 11 da ya fito a 2022, daga baya aka ƙara masa Faransanci, shi in kin sauke shi sau ɗaya ba ruwansa da intanet, kuma ba rubutu kaɗai ba har aikin suri yake yi, wato ɗan abin nan da kike ja da hannu kina danna abubuwa a allo, zai jera lambobi kan duk abin da ake dannawa a allo ki faɗi lamba ya danna miki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne don suri ta fi kilabiye cin hannun wasu mutane. Za ki ji ana yabon Dragon, shi ma na rubutu da murya ne, tun 1997 yake kuma ya iya aiki, amma tsada gare shi, ni ban ga dalilin sayensa ba kafin ki gwada na kyauta. Kuɗin ki sa su a kaske mai mikro kusa da baki, shi zai raba muryarki da ƙarar fanka da janareton maƙwabta da yara.

Hausa kuwa sai haƙuri. Voice Access bai jin ta sam. Whisper na kamfanin OpenAI, wani mai maida magana rubutu, ya sa Hausa cikin jerin harsunansa tun 2022, amma kurakuransa da yawa, balle Hausarku ta Adar da su munka da sunka, gyaran sai ya cinye hannun da kike son hutarwa. Sa'arki memuwar da Faransanci ake yi. Nan ma fa sunayenmu za su ba ki aiki, ki ce Cintabaradan ko Bagaruwa ki ga shirmen da za ta rubuta miki. Dabara ita ce ki riƙa faɗin wata kalma mai sauƙi madadin sunan, in kin gama shafukan ki musanya su duka lokaci guda a Word. Kuma birgil da puwan da sabon layi duk da baki za ki faɗa, makon farko haushi zai kama ki, kina ganin da hannu kin fi sauri, kuma a lokacin gaskiyarki ne.

Maƙogwaro shi ma yana gajiya, musamman da hunturu ga ƙura ga bushewar iska. Ki yi magana yadda kike hira, ba ihu ba raɗa, gorar ruwa kusa da ke, duk rabin awa ki tashi ki miƙe. Sannan salula, in kin huta da kilabiye kika koma latsa WhatsApp da babban yatsa ba ki yi komai ba, ki riƙa tura vokal.

Ɗalibanki kuma ki gaya musu tun yanzu su bar kawo miki shafi 80 ana saura kwana biyu sutanans, wato ranar kare aikin gaban malamai, wanda ya zo a makare ya ƙara kuɗi ko ya nemi wani, kuma mai rubutun kaza ya zauna ya karanta miki da bakinsa.