Ga ɗan'uwan da kwastomomi huɗu suka hana shi barci

Sannu ɗan'uwa. Wallahi tun ban kai ƙarshen rubutunka ba na san inda yake maka ciwo. Ka ce ayyukan gina shafin intanet huɗu ne a hannunka, kowa na ganin nasa ne na gaggawa, ɗaya kuma kullum sai ya ƙaro wani abu ya ce "ɗan ƙaramin gyara ne", har kana tambaya ko ka saki ɗaya ko ka ɗauki mataimaki. Kada ka ɗauki kowa tukuna. Huɗu ba su fi ƙarfin mutum ɗaya ba in kowanne ya san iyakarsa. Mai ƙaramin gyaran nan shi ne matsalarka, shi kaɗai yake cin lokacin sauran ukun, in ka kawo mataimaki yanzu ku biyun zai haɗa ya cinye.

Na yi aiki da irinsa. Mun yi magana a kan shafin kamfani mai sauƙi a WordPress (manhajar gina shafukan intanet), ɓangare biyar, ya gani ya yaba. Sai ya ce tunda ga hotunan kayan nan, me zai hana a sa musu maɓallin saye? Ku kun san abin da ke bayan wannan maɓallin: WooCommerce (manhajar da ke mayar da shafi kanti), kwando, hanyar biyan kuɗi, lissafin kai kaya, imel ɗin da zai je wa mai saye. Shi a wurinsa maɓalli ne guda. Na yi masa bayani dalla-dalla, ya ce kada in damu, "za mu daidaita a ƙarshe". Daga nan sai ya ce a ƙara wa shafin harshe na biyu. Sai a ƙara wa tambari girma, jibi a mayar da shi yadda yake. Ƙarfe ɗaya na dare ya aiko dogon saƙon murya a WhatsApp, in bai ga na saurara ba ya bi shi da kira.

Abin da har yanzu yake tsaya mini a rai shi ne daren da aka kwantar da matata a asibiti. Ina kan benci a baranda, laftof a cinya, na jona ta da intanet ɗin wayata, caji na ta sauka, ina neman abin da ya sa shafin biyan kuɗi yake buɗe farin allo. Ya kira, na gaya masa inda nake da halin da ake ciki. Ya ce "Allah ya sauwaƙe", ko numfashi bai ja ba ya ɗora da cewa gobe da safe zai nuna wa abokan kasuwancinsa, don haka in yi ƙoƙari. Nas ta leƙo tana neman mai jinyar, ni ina karanta fayil ɗin kurakurai layi-layi. Ashe shi ne ya shiga da kansa ya danna sabunta filogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi) duka a lokaci guda, bai gaya mini ba. Da na nuna masa sai ya ce ai da aikin ya yi ƙwari da bai lalace ba. Ban taɓa jin an wulaƙanta ni a sana'ar nan kamar ranar ba. Kuma fa bayan sati bai tambayi jikinta ba, ko sau ɗaya.

Ƙarshenta ya roƙe ni in mayar da komai kan sabarsa, wato kwamfutar da shafinsa zai zauna a kai, don mutanensa su gani a ainihin adireshin. Ina gama mayarwa ya canja kalmar sirri. Cikon kuɗina da na duk ƙarin da aka yi, shiru. Na yi ta bi, ya ce bai gamsu da aikin ba, alhali shafin na nan yana karɓar oda. Ba kuɗin ne ma ya fi ƙona mini rai ba. A lokacin akwai wata baiwar Allah da nake yi wa shafin makarantarta, mai biya a kan lokaci, ba ta taɓa kirana da dare ba. Ta jira, ta jira, sai ta rubuto cikin ladabi cewa ta samu wanda zai ƙarasa mata. Mai haƙuri ba ya hayaniya, tafiya yake yi, ka bincika cikin ukun nan naka, akwai wanda ya fara shirin tafiya.

Kuma wai bayan duk wannan, da aka daina tallafa wa PHP 7.4 (yaren kod ɗin da WordPress ke aiki da shi) a Nuwamba 2022, kamfanin da ke ba shi hayar saba ya mayar da shi kan PHP 8, tsofaffin filogin suka faɗi, mutumin nan ya iya ɗaukar waya ya kira ni yana cewa na dasa masa wani abu a ciki! Ban dasa komai ba, kuma kai ma don Allah kada ka yi. Na ga ana ba juna shawara a bar wata ƙofa ta ɓoye a kod don a kashe shafi in an ƙi biya. Cin amana ne, zai iya kai ka gaban kotu, kuma in labari ya fita shi zai zama wanda aka zalunta.

Abin da ya fi wannan: aiki ya zauna a kan sabarka ta gwaji har sai cikon kuɗi ya shigo. Yana son nuna wa wani? Ga adireshin gwaji, ya nuna. Domen kam, wato sunan adireshin shafin, a yi rajistarsa da sunan mai shi tun farko, haƙƙinsa ne, amma fayiloli ba sa motsawa sai an biya. Kafin-alƙalami rabi, babu jin kunya. Duk wanda ya ƙi ba da kafin-alƙalami ya gaya maka yadda ƙarshen zai kasance. In a Upwork (dandalin haɗa masu aiki da kwastomomi) kuka haɗu, kada ka taɓa komai sai ka ga ya zuba kuɗin wannan matakin a ajiya. Fiverr, wani dandalin irinsa, na cire kashi 20 cikin 100, kuɗin ma yakan yi kwana 14 kafin ka iya cirewa, amma duk da haka ka san suna nan.

Shi kuma naka mai ƙaramin gyara, ba sai kun yi faɗa ba. Duk abin da ya kawo ka ce masa, "Za a iya, ranka ya daɗe. Ga kuɗinsa, ga kwanakin da zai ƙara a kan wa'adi, in ka amince in fara." Za ka sha mamakin yadda rabin abubuwan gaggawan za su daina zama na gaggawa. In ya aiko saƙon murya, ka rubuta abin da ka fahimta ka mayar masa ya ce eh, saboda murya ba ta zama hujja ranar musu. Zagayen gyara biyu ne a cikin kuɗin aiki, na uku sabon ciniki ne, a rubuce tun ranar farko.

Ni yanzu ba na taɓa aikin mutum biyu a safiya ɗaya. In ka fita daga kod ɗin wannan ka shiga na wancan, kafin kanka ya dawo daidai an ci rabin awa, kuma a nan ne ake tura abu kan sabar da ba ita ba. Kowa da ranarsa, ya kuma san ranarsa. Imel da WhatsApp sau biyu a yini. Komai a Git (manhajar adana tarihin canje-canjen kod), ko da shafi ɗaya ne, ka kuma ɗauki kwafin ma'ajiyar bayanai kafin ka ba kwastoma ikon shiga a matsayin admin, in ma dole ne ka ba shi.

Af, ka ce huɗu, amma ka ƙirga da tsofaffin? Waɗanda ka gama wa tun bara suna kiranka domen ya ƙare, ko takardar tsaron shafi ta Let's Encrypt mai kwana 90 ta ƙi sabunta kanta, ko imel ba ya fita. Aiki ne wannan, ka sa musu kuɗin kulawa na wata-wata. Mu ma a nan muna da laifin karya wa juna farashi, shi ya sa ake raina mu, amma wannan zancen wata rana ne. Ka kula da bayanka da idanunka kuma, ka yi barci, na san waɗanda ciwon baya ya raba da kujera tun ba su kai arba'in ba.

Ka gaya mana, shi mai ƙaramin gyaran nan nawa cikin kuɗin ya biya zuwa yau, kuma fayilolin a sabar wa suke? In suna taka, ka tsayar da aikin yau ɗin nan, ka lissafa masa duk ƙarin da aka yi a rubuce ka tura. In kuma sun riga sun koma tasa, ka yi mini magana ta gefe, in nuna maka yadda za ka rubuta masa ba tare da ka zubar da haƙƙinka ba.