Tambayoyin Masu Karatu: In Haɗa Mataimakin AI da Walat Ɗina na Kirifto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sayo kayan gyaran babur daga Mubi da Kano, wani lokaci har daga Caina, kuma wasu daga cikin masu ba ni kaya sun fi son a biya su da USDT, wato kuɗin intanet (kirifto) mai bin darajar dala. Ɗana da ke karatu a jami'ar Ngaundare ya ce ana iya haɗa mataimakin AI irin su ChatGPT ko Claude da walat ɗina, wato manhajar da nake ajiye kirifto a ciki, ta yadda zan riƙa ba shi umarni kawai, shi kuma ya duba abin da ya shigo, ya biya masu bi na bashi. Shin hakan gaskiya ne, kuma babu haɗari? Daga wani Alhaji a Garwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ɗanka bai yi ƙarya ba. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari mai suna MCP, wanda ke ba mataimakin AI damar aiki da manhajojin da ke wajensa, kamfanin cinikin kirifto na Coinbase kuma ya fitar da kayan aikin da ake ba irin wannan mataimaki walat da su. Sai dai haɗin iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa ƙwarai.

Na farko shi ne ka ba shi damar dubawa kawai. Bulokcen, inda ake rubuta duk shige da ficen kirifto, kundi ne da ke buɗe ga kowa, saboda haka duk wanda ya san adireshin walat ɗinka, wanda a kan hanyar Tron, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake tura USDT, yake farawa da harafin T, zai iya ganin abin da ya shiga da abin da ya fita a shafin Tronscan ba tare da ya iya taɓa ko sisi ba. Idan adireshin kaɗai ka ba mataimakin, zai tsara maka lissafin wata, ya gaya maka ko kuɗin wane sun iso, ya kuma juya maka jimlar zuwa sefa. Wannan aiki ne mai amfani, domin USDT dalar Amurka take bi, sefa kuwa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, don haka farashin USDT a sefa yana motsi kullum. Abin lura a nan shi ne sirri: adireshi yana tona yawan dukiyar mai shi, kuma a yankin da aka sha fama da masu garkuwa da mutane ba kowa ne ya kamata ya san na wane ne ba.

Na biyu shi ne ka ba shi ikon sa hannu, wato ikon fitar da kuɗi, kuma a nan ne nake cewa ka ja da baya. Walat ba ta san fuskarka ko katin shaidarka ba, abin da ta sani shi ne mabuɗin sirri da ke fitowa daga kalmomi 12 ko 24 da aka nuna maka ranar da ka buɗe ta. Wanda ya riƙe su shi ne mai kuɗin. Idan ka tura kuɗi ga lambar da ba ita ba ta Orange Money ko MTN Mobile Money, akwai ofishin da za ka kai kuka, amma abin da ya fita a bulokcen ya fita ke nan. Yaron shago ana iya ba shi littafin bashi ya riƙe, har da kuɗin canji a aljihun tebur, amma ba a ba shi makullin ma'ajiya, balle yaron da kowane baƙo zai iya yi wa daɗin baki.

Daɗin bakin shi ne ainihin matsalar. Mataimakin AI ba koyaushe yake bambance umarnin mai shi da rubutun da ya ci karo da shi a cikin aiki ba. A ce an yi kutse a wayar mai ba ka kaya, aka turo maka takardar farashi da aka cusa wa wani layi da ke cewa an sauya adireshin biya; mataimakin yana iya ɗaukar layin a matsayin umarni ya aiwatar. An gwada irin wannan a bainar jama'a a watan Nuwamban 2024, lokacin da aka ɗora wani mataimaki mai suna Freysa a kan kuɗi, aka umarce shi kada ya sake su ko ta halin ƙaƙa, aka kuma bar mutane su gwada shawo kansa. Bayan ɗaruruwan saƙonni sun gaza, wani ya rubuta wanda ya rikita shi, ya saki kimanin dalar Amurka 47,000. Akwai kuma wata dabara da ɓarayi ke yi, su aiko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na abokin cinikinka, domin mai kwafe adireshi daga tarihin ciniki, mutum ne ko na'ura, ya ɗauki nasu.

Shawarata ita ce mataimakin ya shirya biyan, kai kuma ka sa hannu da kanka a wayarka, ko a na'urar ajiye mabuɗi irin su Ledger ko Trezor, bayan ka karanta adireshin duka ka kuma tabbatar hanya ɗaya kuke kai da mai karɓa, domin USDT ta Tron daban, ta Ethereum daban. Idan ɗanka ya nace sai ya gwada biya kai tsaye, to a buɗe wata walat dabam a zuba abin da ba zai hana ka barci ba idan ya salwanta. Kalmomin sirri kuwa kada a rubuta su a cikin hira da kowane mataimaki.

Ka kuma sani cewa a watan Mayun 2022, bayan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta amince da Bitcoin a matsayin halastaccen kuɗi a watan Afrilu, hukumar COBAC mai sa ido kan bankunan yankin CEMAC, wato ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa, ta hana bankuna da cibiyoyin kuɗi na ƙasashe shida, ciki har da Kamaru da Chadi, mu'amala da kirifto. Idan asara ta faru, bankinka ba zai shiga maganar ba.

Tambaya: An saka ni a wani zaure na WhatsApp inda ake cewa in haɗa walat ɗina da wata na'urar AI mai ciniki, za ta riƙa ba ni riba kullum. Na danna amincewa amma ban tura komai ba tukuna. Daga wata Hajiya a Kusiri.

Amsa: Hajiya, babu na'urar da ke iya lamunce riba kullum, kuma wanda ya mallaki irinta ba zai nemi kuɗinki ba. Amincewar da kika danna tana iya zama izinin da ke ba su damar kwashe USDT ɗinki duk lokacin da suka so, ko da ba ki tura komai ba. Ki buɗe sabuwar walat mai sababbin kalmomin sirri yau, ki mayar da kuɗinki can, sannan ki soke izinin da ke kan tsohuwar, a Tronscan idan Tron ce, ko a Revoke.cash idan Ethereum ce.