Amsa ga Malam Sani: karatun muhalli ba kwasar shara ba ne

Malam Sani, ka ce ƙaninka na son karanta ilimin muhalli a jami'a, kana tsoron ya ƙare a kwasar shara. Kwantar da hankalinka.

Fanni ne mai haɗa ilmuka da yawa. Ka duba bolar Olusosun da ke Ojota a Legas. Sai an san kimiyyar sinadarai kafin a gane abin da ruwan da ke tsatsowa daga cikinta yake yi wa rijiyoyin unguwa. Sai an san tattalin arziki, domin 'yan'uwanmu 'yan gwangwan daga nan suke cin abinci, rufe wurin dare ɗaya ba wasa ba ne. Ga kuma shari'a: tun 1992 doka ta wajabta a auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, kuma masu wannan karatu ake nema su yi awon.

Amma ya bincika da kyau kafin ya cike JAMB. Tsangayar muhalli ta Jami'ar Legas da ke Akoka ta fi karkata ga harkar gine-gine da tsara birane. In gurɓatar ruwa da iska ce ta dame shi, ya leƙa ɓangaren kimiyya. Lissafi kuwa, babu gudunsa ko ta ina ya bi.